TARIHIN JOE SHUSTER, MAI ZANEN SUPERMAN

A wannan mako za mu kawo muku tarihin wani mai zane da ake kira Joe Shuster. Ko ba ku taɓa jin sunansa ba, da wuya a ce ba ku ga aikin hannunsa ba, wato hoton wani ƙaƙƙarfan mutum mai shuɗin tufafi da jan mayafi, da harafin S a ƙirji, wanda ake ce wa Superman.

An haifi Shuster a birnin Toronto na ƙasar Kanada ran 10 ga watan Yuli 1914. Iyayensa Yahudawa ne da suka yiwo ƙaura daga Turai, mahaifinsa tela ne, talaka. Tun yana yaro yake tallar jarida, kuma a bayan takardun da mutane suka zubar ya koyi zane. A 1924 iyalinsa suka koma birnin Cleveland cikin Amurka. A lakwal ta can ne ya gamu da Jerry Siegel, suka ƙulla abota: Siegel yana tsara labari, Shuster yana zana hotuna.

A 1933 suka fara fito da wani Superman, amma mugu. Daga baya suka sake shawara, suka mayar da shi jarumi mai taimakon na ƙasa. Shekara da shekaru suna yawo da shi gidajen jaridu, ana ƙi. Sai a 1938 kamfanin Detective Comics ya karɓi shafi 13, ya ba su dolar Amurka 130, su kuma suka sa hannu a takardar da ta mallaka masa jarumin ɗungum. Labarin ya fito a mujallar Action Comics ta farko, mai kwanan watan Yuni 1938.

Nan da nan mutane suka rungume shi. A lokacin, karayar tattalin arziki ta 1929 ta bar miliyoyin Amurkawa ba aiki, talaka kuwa ba shi da mai tsaya masa. Sai ga wani baƙo daga wata duniya, harsashi ba ya huda shi, yana ceton matar da aka yanke wa hukuncin kisa bisa zalunci, yana horon mai dukan matarsa, yana tona asirin masu cin hanci. Ga shi kuma a wurin aiki ɗan jarida ne mai tabarau da jin kunya, ana kiransa Clark Kent, ana raina shi. Duk wanda aka raina sai ya ga kansa a ciki. Ganin riba ya sa aka ƙirƙiro Batman a 1939, da Wonder Woman a 1941, da wasu da yawa.

Amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1947 abokan biyu suka kai ƙara gidan shari'a, suna neman a mayar musu da Superman. Alƙali ya ce takardar 1938 tana nan daram. A 1948 aka sasanta da kuɗi, aka cire sunayensu daga mujallar. Idanun Shuster suka yi ta raunana har zane ya gagare shi, ya koma ɗan aike mai kai kaya a birnin New York.

A 1975, da aka ji ana shirin silima a kan Superman, Siegel ya kai kukansu ga ƴan jarida, wasu masu zane irin su Neal Adams suka mara musu baya. Kamfanin Warner ya amince ya riƙa ba kowannensu dola 20.000 a shekara da kuɗin magani, aka kuma mayar da sunayensu. Shuster ya rasu a Los Angeles ran 30 ga watan Yuli 1992, yana da shekara 78. A 2024 an sayar da kwafi ɗaya tak na waccan mujalla ta farko a kan dola miliyan 6.

Saboda haka, ƴan'uwa da kuka koyi karatu, kada ku sa hannu a takarda sai kun karanta ta, kun san abin da kuke bayarwa. Allah ya ba kowa amfanin guminsa.