Marigayi Umaru Ganda: Ɗan Dakon Da Ya Zama Gwanin Sinima

An haifi Umaru Ganda, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Oumarou Ganda, a birnin Yamai cikin shekarar 1935. Bazabarme ne. Bai yi zurfi a karatun boko ba, domin yana da shekara 16 kacal ya shiga sojan Faransa, aka tura shi yaƙin Indocina, watau yankin da ƙasar Biyetnam take. Da aka sallame shi ya komo gida bai sami aikin yi ba, sai ya bi sahun samarin Nijar masu zuwa ci-rani, ya nufi Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, inda ya kama dako a tashar jiragen ruwa.

A can ne Allah ya haɗa shi da Jean Rouch, Bafaranshen da ke binciken zaman baƙin Nijar a bakin teku. Da fari Rouch ya ɗauke shi aikin ƙididdigar 'yan ci-rani, daga bisani ya ba shi babban matsayi a fim ɗinsa mai suna Moi, un Noir na 1958. A ciki Ganda ya fito da laƙabin wani ɗan wasan Amurka, Edward G. Robinson, yana ba da labarin wahalar unguwar Tireshbil da abin da ya gani a fagen daga. Fim ɗin ya ci lambar Louis Delluc a Faransa. Amma fa rayuwar Ganda ce, muryarsa ce, sunan mai fim kuwa na wani.

Wannan ne ya gyara da hannunsa. Bayan ya dawo Yamai ya koyi aikin kyamara a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, sa'an nan ya shirya Cabascabo cikin harshen Zabarmanci, shi ya rubuta, shi ya fito a ciki. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indocina da ɗan abin hannunsa, abokai da maroƙa suka yi masa caa, kuɗi na ƙarewa kowa ya watse, har ya rasa wanda zai amsa masa sallama, ya koma neman abinci da guminsa. Babu jarumtakar da aka saba jingina wa tsofaffin soja, babu kuma neman a ji tausayi. An nuna shi a bikin Kan a 1969, ya kuma sami lamba a Masko a shekarar.

Daga nan sai ya juya kyamara ga mutanen gida, kuma bai sassauta musu ba. Le Wazzou polygame ya kawo labarin wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido a kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, ya sa dukiya ya aure ta ta uku, kishi ya kai ga zubar da jini. Ba addini Ganda ya zarga ba, masu fakewa da shi ya tona. Wannan fim ne ya fara cin babbar lambar Etalon de Yennenga da aka soma bayarwa a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Saïtane ya biyo baya, kan wani malamin tsibbu mai yi wa attajiri kawalcin matar aure. Na ƙarshe, L'Exilé, ya fito a 1980, an gina shi kan tatsuniya game da nauyin alkawari.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi ran 1 ga Janairu, 1981, yana da shekara 45. An sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, FESPACO kuma ta keɓe lambar Umaru Ganda domin wanda ya fi ƙwarewa a dogon fim ɗinsa na farko.