Richard St. Barbe Baker, Baturen Itatuwa

Duk wanda ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Kano da hunturu zai ga abu biyu: ƙurar Hamada ta rufe Fagge, ga kuma kayan itacen wuta ana ta shiga da su Sabon Gari. Yau za mu ba da tarihin wani mutum da ya ƙare rayuwarsa yana nuna wa duniya cewa abubuwan nan biyu danginsu ɗaya.

An haifi Baker a kudancin Ingila cikin 1889. Ubansa mai renon dashe ne. Da ya yi ƙarfi ya tafi Kanada, inda ya ga yadda masu katako ke ɓarnar daji. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya koyi aikin gandun daji a Kambirij, aka tura shi Kenya cikin 1920.

A can ya tarar an sare kurmi, ƙasa tana zaizayewa. Mu da muka san aikin En'e mun san yadda talaka ke duban gandun daji: kayan Gwamnati ne, abin tsoro kawai malamin daji da tara. Baker bai bi ta wannan hanya ba. Ya nemi shawarar dattawan Kikuyu, shi da Josiah Njonjo, suka kira samari wasan rawa cikin 1922. Daga cikin dubban da suka zo aka zaɓi hamsin, kowa ya ɗauki alkawarin dasa itace goma a shekara, da tsare waɗanda ya tarar tsaye. Ba albashi, ba bulala. Wannan ne asalin jam'iyyar Men of the Trees, watau Mutanen Itatuwa, wadda ya kafa a Ingila cikin 1924.

Daga 1925 zuwa 1929 ya yi aiki a kurmin kudancin Nijeriya. Daga baya ya shiga cikin masu roƙon a bar manyan itatuwan Kalifoniya a Amurka.

Cikin 1952 ya ƙetare Hamada a mota, ya komo yana cewa a dasa katangar itatuwa mai faɗin mil 30 a tare rairayi. Gwamnatocin zamanin ba su ɗauka ba. Sai a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da irin wannan shiri, kuma Kano na cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya.

Ya rasu a Saskatun ta Kanada cikin Yuni 1982, yana da shekara 92, 'yan kwanaki bayan ya dasa itacensa na ƙarshe.