Tarihin Marigayi Jon Postel, Mai Riƙon Rajistar Intanet

Filin namu na yau ya waiwayi wani Ba'amurke da ya rasu tun 1998, amma har yanzu aikinsa na cikin duk saƙon da kuke aikawa ta salula. A Babbar Kasuwar Yamai kowane shago da lambarsa. Da a ce shaguna biyu za su ɗauki lamba ɗaya, da kaya sun riƙa ɓata. Haka intanet take: kowace na'ura da lambarta, kuma dole a samu amintaccen da zai riƙe littafin lambobin. Kusan shekara 30 wannan littafi yana hannun Jon Postel.

An haifi Jonathan Bruce Postel ranar 6 ga Agusta 1943 a garin Altadena na jihar Kalifoniya. Ya yi sakandare a Van Nuys, makarantar da Vint Cerf da Steve Crocker suka yi, waɗanda daga baya suka zama abokan aikinsa. Ya karanta injiniyanci a jami'ar UCLA da ke Los Angeles, ya samu digirin farko a 1966, na biyu a 1968, na dakta a 1974.

Yana ɗalibi aka sa shi cikin matasan da za su haɗa kwamfutar jami'ar da ARPANET, layin da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinsa, wanda shi ne kakan intanet. Ranar 29 ga Oktoba 1969 aka gwada aika saƙon farko zuwa wata cibiyar bincike da ke kusa da San Francisco. Haruffa biyu kawai suka isa, na'ura ta tsaya cik, sai da aka gyara aka sake. Ashe tun ranar farko aikin yana tafe da matsalarsa.

Matasan suka ɗauki al'adar rubuta kowace ƙa'ida a takardu masu lamba da ake kira RFC, kowa ya karanta kyauta. Postel ne ya zama editansu har ƙarshen rayuwarsa. Daga 1977 ya zauna a wata cibiya ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Marina del Rey. A can ya tace ƙa'idojin IP da TCP a 1981, waɗanda ke yanka saƙo gunduwa-gunduwa su kai shi inda aka nufa, ya kuma rubuta ƙa'idar aika wasiƙar imel a 1982. Nasiharsa ga masu haɗa na'urori ita ce su kiyaye sosai da abin da suke aikawa, su kuma yi haƙuri da ƙananan kurakuran abin da aka aiko musu. Duk mai ciniki ya san wannan: ka cika mudunka, ka yi haƙuri da mai saye.

Da na'urori suka yi yawa, jerin sunaye guda ɗaya da kowa ke kwafa ya kasa. A 1983 abokin aikinsa Paul Mockapetris ya tsara DNS, hanyar da ke juya suna ya koma lamba, Postel kuma ya riƙe tushen rajistar, aikin da aka san shi da sunan IANA. Kowace ƙasa aka ba ta haruffa biyu: Nijeriya .ng, Faransa .fr, Nijar .ne. An buɗe na Nijar a 1996, daga baya aka damƙa shi ga Sonitel, kamfanin da aka haɗe da SahelCom a 2016 ya zama Niger Telecom. A wata takarda ta 1994 Postel ya nuna cewa mai kula da sunan ƙasa ɗan amana ne na jama'arta, ba mai dukiya ba.

Amfanin wannan aiki yana bayyana ranar da layi ya ɗauke, kuɗin da aka turo daga Maraɗi ko Kwatano suka ƙi fita. Manyan kwamfutocin da ake kira uwar garke, waɗanda akasarinsu ke aiki da Linux ko wani dangin Unix, masu gyaransu na bin mataki-mataki. Su duba waya da wuta. Su ga ko na'urar tana da lambarta, ko tana amsawa in an taɓa ta da umurnin ping. Su ga ko suna yana komawa lamba. Sannan su duba ƙofa, don kowace hidima da tata: 25 ta imel, 53 ta DNS, 80 ta shafukan intanet. Lambobin nan daga rajistar da Postel ya riƙe suka fito, shi ya sa mai gyara a Yamai da na Tokiyo ke neman cuta a wuri ɗaya.

An gwada girman amanarsa ranar 28 ga Janairu 1998. Ya aika wa masu kula da manyan na'urori 8 na tushen DNS saƙo cewa su riƙa karɓar rajista daga wurinsa maimakon kamfanin Network Solutions mai kwangilar gwamnati. Duka suka bi, don sun yarda da shi. Ya bayyana abin a matsayin gwaji, amma Ira Magaziner, mashawarcin Shugaba Bill Clinton, ya sa aka mayar da komai yadda yake cikin ƴan kwanaki. Duniya ta gane cewa dukiya mai girma haka ba za ta ci gaba da rataya a wuyan mutum ɗaya ba. A shekarar aka kafa hukumar ICANN, wadda gwamnatin Amurka ta ci gaba da sa wa ido kan rajistar har 2016.

Postel, mai dogon gemu da takalmin sandal, ya rasu ranar 16 ga Oktoba 1998 bayan tiyatar zuciya, yana da shekara 55. Ƙungiyar Internet Society ta kafa lambar yabo da sunansa, kuma a 2007 Nii Quaynor na ƙasar Gana ya karɓe ta saboda hidimarsa ga intanet a Afirka.