Tarihin Selman Waksman, masanin da ya nemo maganin tarin fuka a cikin ƙasa

An haifi Selman Waksman ne a ranar 22 ga watan Yulin 1888, a garin Nova Pryluka da ke cikin ƙasar Yukren a yau.

A shekarar 1910 ya yi ƙaura zuwa Amurka, inda ya karanci aikin gona a Jami'ar Rutgers, kuma a can ne ya yi akasarin aikinsa.

Waksman dai ba likita ba ne. Ya duƙufa ne wajen nazarin ƙananan halittun da ke cikin ƙasar noma, waɗanda wasunsu ke fitar da sinadaran da ke hallaka maƙwabtansu.

A shekarar 1940, shi da ɗalibinsa Boyd Woodruff suka gano sinadarin actinomycin.

Kafin ƙwayar cuta ta haɗa furotin ɗin da take rayuwa da shi, tilas ne ta kwafi umarni daga DNA zuwa RNA. Daga baya masana sun gano cewa actinomycin yana maƙalewa ne a jikin DNA, ya tare hanyar wannan kwafi.

To sai dai haka yake yi wa jikin ɗan Adam ma, abin da ya sa dafinsa ya yi yawa. A ƙarshe wajen jinyar wasu nau'o'in ciwon daji ya yi amfani.

A shekarar 1943 wani ɗalibin nasa, Albert Schatz, ya gano streptomycin, magani na farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Shi kuwa yana rikita sashen da ke haɗa furotin ne, har ƙwayar cutar ta riƙa karanta umarnin ba daidai ba, ta mutu.

Wannan nasara ta haddasa taƙaddama. A shekarar 1950 Schatz ya kai malaminsa kotu, aka kuma sasanta bayan an amince cewa tare suka gano maganin.

Duk da haka, Waksman shi kaɗai aka bai wa lambar yabo ta Nobel a shekarar 1952.

Ya mutu a ranar 16 ga watan Agustan 1973 a jihar Massachusetts, yana da shekaru 85.

Streptomycin ya fita daga sahun farko na magungunan tarin fuka. Amma rifampicin, wanda ake dogaro da shi a yau, asalinsa daga dangin halittun da Waksman ya nazarta ne. Shi ma kwafin umarnin yake tsayarwa, amma na ƙwayar cutar, ba na majinyaci ba.