A. S. Hornby

Albert Sidney Hornby (10 ga Agusta 1898 – 13 ga Satumba 1978) malamin Turanci ne, masanin nahawu kuma marubucin ƙamus ɗan ƙasar Ingila. An fi saninsa da ƙamus ɗin da ake kira Oxford Advanced Learner's Dictionary a yau, wanda ɗalibai da yawa a Najeriya suke amfani da shi tun daga sakandare har jami'a. Babban abin da ya tsaya a kai shi ne cewa sanin ma'anar kalma bai isa ba, sai mai koyo ya san irin ginin jimlar da kalmar take shiga.

Farkon rayuwa

An haifi Hornby a garin Chester da ke Ingila. Ya karanta harshe da adabin Turanci a University College da ke Landan, inda ya kammala a shekarar 1922. Ba da jimawa ba ya tafi ƙasar Japan, ya kama aikin koyarwa a wata kwaleji a garin Oita. A nan ya lura cewa ɗalibansa suna iya karanta manyan littattafan adabi, amma haɗa jimlar yau da kullum yana ba su wahala.

Aiki a Tokyo

A shekarar 1931 Harold E. Palmer, shugaban cibiyar binciken koyar da Turanci ta Tokyo, ya jawo shi cikin aikin cibiyar. Sun yi nazarin kalmomin da aka fi amfani da su da kuma waɗanda suka saba tafiya tare. Da Palmer ya bar Japan a 1936, sai ragamar binciken ta koma hannun Hornby.

Ƙamus da tsarin aikatau

Hornby ya haɗa kai da E. V. Gatenby da H. Wakefield suka rubuta Idiomatic and Syntactic English Dictionary, wanda kamfanin Kaitakusha ya buga a Tokyo a 1942. Ƙamus ɗin ya kasa aikatau na Turanci zuwa tsari 25, kuma kowane aikatau yana ɗauke da lambar da ke nuna abin da zai iya biyo bayansa. Misali, ana cewa I want to go, amma da enjoy sai a ce I enjoy going. Haka kuma tell yana karɓar sunan wanda aka faɗa wa kai tsaye, kamar tell him, shi kuwa say sai an sa masa to, wato say to him. A Hausa aikatau ɗaya, faɗa, yana iya ɗaukar aikin duka biyun, shi ya sa ɗalibi Bahaushe yakan cuɗa su.

Ƙamus ɗin ya kuma raba sunaye gida biyu: harafin C ga waɗanda ake iya ƙirgawa, harafin U ga waɗanda ba a ƙirgawa. Wannan ma yana da amfani ga mai jin Hausa, domin shawara tana da jam'i shawarwari, bayani yana da bayanai, amma advice da information ba sa ɗaukar s na jam'i a daidaitaccen Turanci.

Bayan barin Japan

Yaƙin Duniya na Biyu ya sa Hornby ya bar Japan a 1942. Ya kama aiki da hukumar British Council, wadda ta tura shi ƙasar Iran. Bayan yaƙi ya koma Landan, ya zama editan farko na mujallar English Language Teaching da aka kafa a 1946. Kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya sake buga ƙamus ɗinsa a 1948, bugu na biyu ya fito a 1963, na uku kuma a 1974, wanda shi ne ya fara ɗaukar sunan Oxford a takensa. A 1954 ya fitar da A Guide to Patterns and Usage in English, inda ya jera tsare-tsaren jimla cikin jadawali tare da misalai.

Mutuwa da abin da ya bari

A 1961 ya kafa wata gidauniya mai ɗauke da sunansa, ya ware mata kaso mai tsoka daga kuɗin da littattafansa suke kawowa. Gidauniyar tana ɗaukar nauyin malaman Turanci daga ƙasashe masu tasowa domin ƙaro karatu a Birtaniya. Ya rasu a 1978 yana da shekara 80. Editocin da suka biyo bayansa sun sauya lambobin tsarin aikatau da alamomi masu sauƙin ganewa, domin masu karatu da yawa ba sa iya riƙe lambobin a ka. Duk da haka, ƙamusoshin masu koyon Turanci na sauran kamfanoni, irin su Longman da Cambridge, sun ɗauki salonsa na nuna ginin jimla da misalai a ƙarƙashin kowace kalma.