Rowland Bingham: Ɗan Ƙaramar Majami'a da Ya Ƙi Juyawa

'Yan'uwa, yawancinmu da muke sujada a ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan mun taɓa jin sunan Rowland Bingham, musamman idan ana tunawa da kafuwar SIM da ECWA. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne irin gidan bangaskiyar da ya fito.

A Ingila akwai cocin gwamnati, wato Angalikan. A shekarar 1662 aka kafa doka cewa dole kowane fasto ya bi littafin addu'a da tsarin wannan coci. Fastoci wajen 2,000 suka ƙi, aka raba su da aikinsu. John Bunyan ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford saboda wa'azi ba da izini ba. Sai a 1689 aka yarda waɗannan masu bi su yi sujadarsu a fili. Su ne 'yan Baftis da 'yan Firesbiteriya da ire-irensu, daga baya Metodis suka bi sahu. Daga cikinsu William Carey, mai ɗinkin takalma, ya tashi zuwa Indiya a 1793, William Booth kuma ya kafa Salvation Army, wato Rundunar Ceto, a unguwannin talakawan Landan.

An haifi Bingham a 1872 a garin East Grinstead. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, talauci ya shigo gidan. A wani taron Rundunar Ceto ya ba da ransa ga Yesu yana ɗan shekara 15, ba da daɗewa ba ya ƙaura zuwa Kanada neman abin yi. Ba shi da digiri, ba shi da naɗin bishop. A Toronto ne wata dattijuwa, mahaifiyar Walter Gowans, ta gaya masa nawayar ɗanta game da ƙasar da Turawa suke kira Sudan a lokacin, wadda ƙasar Hausa take tsakiyarta. Ƙungiyoyin mishan da aka tuntuɓa ba wadda ta yarda ta aike su. Sai Gowans da Bingham da Thomas Kent suka kama hanya da ɗan abin da ke hannunsu, suka sauka Legas ranar 4 ga Disamba, 1893.

A can shugaban mishan na Metodis ya gaya musu cewa ba za su ga ƙasar da suke nema ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba. Mu lura, shi ma ɗan wannan zuriya ce ta masu ƙin tsarin cocin gwamnati. Ya dai ga kaburburan Turawa da yawa ne. Kuma kusan maganarsa ta tabbata. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Legas, sauran biyun suka nufo arewa. Gowans ya rasu a Girku, kudu da Zariya, a watan Nuwamba 1894, Kent kuma a Bida wata guda bayan haka. Kabarin farko na wannan aiki yana nan ƙasar Zazzau, ba nisa da mu.

Bingham ya koma Kanada a 1895 hannu wofi. Ya yi aikin fasto a wata ekklisiyar Baftis a Newburgh ta jihar New York, ya auri Helen Blair a 1898. A 1900 ya sake gwadawa, zazzaɓi ya sake kayar da shi a Legas, aka mai da shi gida, abokan tafiyarsa biyu suka karaya suka biyo bayansa. Wannan ya fi na farko zafi, har bangaskiyarsa ta girgiza ƙwarai. Duk da haka ya tara wasu mutum huɗu ya aika, suka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga nan aka kai Wushishi a 1904, Kwoi a 1910.

A ganinmu babban abin da ya gada daga ƙananan majami'un Ingila shi ne wannan: bai tambayi ɗarikar mutum ba kafin ya aike shi, ya dubi bangaskiyarsa da kiransa. A. W. Banfield, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci, daga wata ɗarikar Menonayit ya fito. Ba muna rage darajar Angalikan ba ne; Dokta Miller ya zauna birnin Zariya tun 1905, ya kuma sha wahala a kan Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, aikin da ma'aikatan SIM ma suka sa hannu a ciki.

Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana masu bishara shiga ƙasashen sarakunan Musulmi. Ƙofar ta buɗe ne a shekarun 1930, yawanci ta hanyar jinyar kutare, a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Bingham ya rayu ya ga wannan. Ya rasu ranar 8 ga Disamba, 1942, yana shirin bikin cikar aikin shekara 50. Ekklisiyoyin da suka fito daga aikin suka haɗu suka zama ECWA a 1954, kuma masu bishara 'yan ƙasa, ba Turawa ba, su ne suka fi taka ƙauyukan Maguzawa da ƙafa.