Marigayi Andrei Sakharov da Neman Wutar Rana a Doron Ƙasa

Waɗanda suka yi ajin kimiyya za su tuna cewa zafin rana yana fitowa ne daga haɗewar ƙwayoyin haidurojin. Andrei Sakharov yana cikin waɗanda suka fara neman kunna irin wannan wuta a doron ƙasa.

An haife shi a Mosko a 1921, mahaifinsa malamin kimiyya ne. A 1948 aka sa shi cikin masu ƙera wa Tarayyar Sobiyet bom ɗin haidurojin, aka gwada shi a 1953. Tun 1950 kuwa, shi da malaminsa Igor Tamm suka kawo dabarar tsare gas mai tsananin zafi da ƙarfin maganaɗisu cikin tukunya mai siffar awarwaro, don kada ya taɓa bango ya huce. Wannan ne asalin na'urar tokamak.

Daga baya ya fito fili yana sukar gwajin makamai da danne haƙƙin jama'a. Ya sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 1975, hukuma ta kore shi zuwa birnin Gorki a 1980, aka sake shi a 1986. Ya rasu a 1989.

Bom ya samu cikin shekara 5, amma wutar lantarki ta faskara, domin sai gas ɗin ya haura digiri miliyan 100 kuma ya daɗe a tsare. Ana gina katafariyar tokamak mai suna ITER a kudancin Faransa, sai dai har yanzu babu tashar da ke ba gidaje wuta ta wannan hanya. Ɓarna ta fi gyara sauƙi.